Amsoshin Takardunku: Asalin Kacalla da Koren Ruwa, Daga Tiga Har Nguru

 Takardar wannan mako ta fito ne daga hannun wani dattijo manomin shinkafa a ƙasar Bunkure, wanda ya ce ɗansa ne ya rubuta masa. Tambayarsa kashi uku ce. Ta farko, ciyawar nan kacalla da ta toshe magudanan ruwa, shin gaskiya ne Turawan da suka tsara kanal su ne suka zo da irinta? Ta biyu, me ya sa ruwan da ke kwanciya a ƙarshen gonaki yake yin kore shar kamar miyar kuka, har wata rana a wayi gari a tarar da ƙananan kifi sun mutu birjik? Ta uku kuwa, kifin irin wannan ruwa yana ciyuwa? Har ila yau akwai wata baiwar Allah mai sayar da bandar kifi a kasuwar Kura da ta aiko da makamanciyar wannan. Ita cewa ta yi kifin da ake kawo musu daga Haɗeja da Nguru ya ragu, ya yi tsada, kuma yawancinsa tarwaɗa ce. To Baba, to Hajiya, mun gode ƙwarai da waɗannan takardu. Tambayoyin naku uwa ɗaya uba ɗaya ne, saboda haka za mu haɗa su. Sai dai a yi mana haƙuri, amsar ba za ta fito sosai ba sai mun koma baya shekara hamsin da 'yan kai.

Bari mu fara da kogin kansa, yadda yake kafin a taɓa shi. Kogin Kano yana tasowa ne daga duwatsun kudancin jihar, gefen tsaunukan Jos, ya biyo ta Tiga, ya ratsa yankin Bunkure da Kura, ya haɗu da Kogin Calawa a kusa da Tamburawa. Daga nan ya zama Kogin Haɗeja, sai Wudil, sai Ringim, sai Haɗeja. Da ya wuce Haɗeja sai ƙasa ta kwanta, ruwan ya rasa gangara, ya rarrabu hannu-hannu, ya bazu cikin wata makekiyar fadama tsakanin Haɗeja da Nguru da Gashuwa. A can ne yake gamuwa da Kogin Jama'are, su zama Komadugu Yobe, su nufi Tafkin Cadi. Watau ruwan da ya bar gonarka a Bunkure, Baba, tafiya ce a gabansa ta ɗaruruwan kilomita, kuma duk inda ya bi akwai mai jiransa.

A zamanin da kake yaro wannan kogi na damina ne. Cikin Agusta da Satumba ya cika ya batse, da rani kuwa ya koma rairayi, sai an tona kafin a sami na sha, masu lambu suna ɗagowa da jigo. A shekarun 1950 da 1960, in damina ta yi kyau, ambaliyar da ke sauka fadamar Haɗeja da Nguru takan rufe fili fiye da murabba'in kilomita 2,000. Wannan ambaliya kuwa ba masifa ba ce a wurin mutanen can, ita ce arzikinsu. Da ruwa ya fara hawa, kifi sai ya bar tsakiyar kogi ya shiga cikin ciyayi ya yi ƙwai, 'ya'yan su sami abinci da maɓoya har su yi ƙwari. Karfasa, da giwan ruwa, da ƙurungu, da tsage, da tarwaɗa, duk haka suke hayayyafa. Da ruwa ya fara janyewa masunta su tare hanya, manoma su girbe shinkafa su bi sawun laima da wake da sauransu, can cikin rani kuma Fulani su sauko da shanu. Fili ɗaya, sana'a uku, kowa da lokacinsa. Tun da jirgin ƙasa ya isa Nguru a 1930, bandar kifin wannan yanki har Kudu ake kai ta.

Abin da nake so a riƙe a nan shi ne bushewar nan ta rani. Ita ce maganin da ba a saya. Ƙasa ta tsage, rana ta gasa saiwoyi, shanu su tattake, wuta ta bi ta kan abin da ya rage, in damina ta dawo kuma ruwa mai ƙarfi ya share laka da shara ya buɗe hanya. Kacalla tana nan tun wancan lokaci, 'yar ƙasa ce, amma ba ta wuce bakin 'yan tafkunan da ba sa ƙafewa, mutane suna yanka suna jinka da shinge. Saboda haka, Baba, amsar tambayarka ta farko ita ce a'a, ba wani Bature da ya zo da ita a aljihu. Abin da aka kawo mata gida ne da abinci.

Ga yadda aka yi. An ƙirƙiro Jihar Kano a 1967, Gwamna Audu Bako kuma mutum ne mai son harkar noma da ruwa. Aka gina dam ɗin Bagauda wajen 1970, aka soma gwajin noman rani a Kadawa da ruwansa, wani kamfanin ƙasar Holan mai suna NEDECO ya zana tsarin babban aikin. Aka fara ginin dam ɗin Tiga a 1971, aka gama a 1974, daidai lokacin da farin 1972 da 1973 ya gigita Arewa, dabbobi suka ƙare, hatsi ya yi wuya. Duk wanda ya ga wannan fari ba zai zargi waɗanda suka ce a tare ruwa ba. An gina Tiga ne don ta riƙe kusan kubik mita biliyan biyu, kubik mita ɗaya kuwa lita 1,000 ke nan, watau duro biyar. A 1976 Gwamnatin Tarayya ta kafa Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, aikin ya koma hannunta. An tsara kashin farko zai shayar da hekta 22,000, abin da aka iya gyarawa kuwa wajen hekta 15,000 ne, a Kura da Bunkure da Garun Malam.

Alherin wannan aiki ba ya ɓoyuwa, kuma ba zan yi kamar ban gan shi ba. Ruwa yana zuwa gona da ƙafarsa, ba inji ba fetur. Da aka hana shigo da alkama a 1987, Kadawa da Kura na cikin wuraren da ƙasa ta zuba wa ido. Tumatirin Kwanar Gafan har Ikko yake kwana, Kura ta zama garin shinkafa, samarin da a da suke tafiya cirani suka sami abin yi a gida. Amma kowane gauta ja ne sai dai in bai sha rana ba, kowane dam kuma yana da bashin da wani ke biya a ƙasa.

Tun daga 1974 kogin ya sake hali. Babbar ambaliyar Agusta, dam ya riƙe ta. Da rani kuma ana sakin ruwa kullum, don gonaki da kuma famfunan birnin Kano, abin da ya saura ya gangara. Aka ƙara da dam ɗin Calawa a ƙasar Ƙaraye a 1992, da madatsar da ke kusa da Auyo domin noman ranin kwarin Haɗeja. Kogin da a da yake cika ya bushe, yanzu ba ya cika sosai, ba ya kuma bushewa. A shekarun 1980 da farkon 1990 ambaliyar fadamar ba ta kaiwa murabba'in kilomita 1,000 a yawancin shekaru, ko da yake ƙarancin ruwan sama na lokacin, musamman farin 1984, shi ma yana da nasa kason. Ruwa mara zurfi, mai tafiya a hankali, wanda ba ya yankewa shekara ta zagayo: in da za a tambayi kacalla irin ɗakin da take so, wannan za ta zana. Kanta guda, wancan mai kama da gero, yana ɗauke da iri har dubu ɗari biyu, iska ce ke raba su. In ta kafu kuma ba ta ma bukatar iri, saiwarta ce ke rarrafe a cikin laka tana fitar da sababbi. Tana tare ruwa, laka ta kwanta a gindinta, wurin ya ƙara zama mara zurfi, ita kuma ta ƙara gaba.

Wannan gidan ke nan. Saura abincin, kuma a nan ne maganar ta shigo gonarka, Baba.

Manomin ƙasar Kano ya san taki tun kaka da kakanni. Kashin shanu, da na awaki, da tokar murhu, da sharar birni da ake ɗaukowa a mangala bisa jakuna. Irin wannan taki a hankali yake narkewa, ƙasa tana riƙe shi. Takin zamani ya yaɗu ne sosai daga shirin ciyar da ƙasa na gwamnatin Obasanjo a 1976, da shirin bunƙasa noma na Shagari a 1980, lokacin da gwamnati ke biyan mafi yawan kuɗin buhu. Aka buɗe masana'antar sufa a Kaduna a 1976, ta yuriya a Onne ta Jihar Ribas a ƙarshen shekarun 1980. A wancan zamani taki ya yi arha har mutane suka saba watsa shi ba awo, kuma ko da tallafin ya janye buhu ya yi tsada, sabon bai janye ba.

Mu yi ɗan lissafi irin na aji. Buhun yuriya kilo 50 ne, kuma kashi 46 cikin ɗari nasa shi ne sinadarin naitirojin, wanda ke sa ganye ya yi kore. Ke nan kilo 23 a kowane buhu. In aka watsa yuriya a saman ruwan da ke kwance cikin fangalin shinkafa, abin da shukar ke samu yawanci kashi 30 zuwa 40 ne cikin ɗari, watau kilo 7 zuwa 9. Sauran fa? Wani ya zauna a ƙasa, wani ya bi iska, wani ya nutse ya tarar da ruwan rijiya, wani kuma ya narke ya bi ruwa duk sa'ad da aka fasa kunya aka sake shi. Kamfa kuwa, ban da naitirojin tana da fosfaras, shi kuma manne wa ƙasa yake yi, saboda haka duk jan ruwan da ya fita daga gona ɗauke da laka yana tafe da shi. Daga gona sai magudanar fitar da ruwa, daga nan sai rafi, daga rafi sai Kogin Kano. Taki kuwa bai san shinkafa ba, bai san ciyawa ba. Abin da ya ciyar da shinkafarka shi ne zai ciyar da kacalla da kainuwa da gansakuka.

Kada a fahimce ni a karkace. Nijeriya gaba ɗayanta ba ta fama da yawan taki, ƙarancinsa ma take fama da shi. A taron da shugabannin Afirka suka yi a Abuja a 2006, kuka aka yi cewa manomin wannan nahiya kilo 8 kawai yake sa wa hekta, aka ɗauki alkawarin kai shi 50. Matsalar ita ce a wuri irin namu an tara dubban hekta a jere, ana noma biyu ko uku a shekara, kowa yana zuba taki a mako ɗaya, ruwan kowa kuma yana fita ta ƙofa ɗaya.

Yanzu ga koren ruwan. Abin da ke rina shi wasu tsirrai ne ƙanana ƙwarai, dangin gansakuka, waɗanda ido ba ya ganin guda ɗaya sai sun taru. Kowane ruwa yana da su kaɗan, su ne ma abincin 'ya'yan kifi. Da sun sami taki da zafin rana sai su riƙa ninkuwa cikin kwana ɗaya ko biyu. Duk mai shakka ya gwada abin da malaman makaranta ke nuna wa yara: a ɗebi ruwan kududdufi a kwalba biyu, a sa ɗan tsunkulin kamfa a ɗaya, a ajiye su a rana mako guda. Wani masani a ƙasar Kanada, David Schindler, ya yi wannan gwaji da tafki sukutum a 1973. Ya raba tafkin biyu da labulen roba, ya zuba wa ɓangarorin biyu naitirojin, ya ƙara wa ɗaya fosfaras. Ɓangaren fosfaras ya koma kore fatau, ɗayan yana nan garau. Hoton wannan tafki na cikin abin da ya sa ƙasashe da dama suka rage fosfaras a cikin sabulun wanki.

To me ke kashe kifin? Numfashi. Kifi yana shaƙar iskar oksijin ne da ke narke a cikin ruwa, kuma 'yar kaɗan ce: iskar da ni da kai ke shaƙa kashi 21 cikin ɗari oksijin ce, amma litar ruwa a zafin ƙasarmu ba ta riƙe fiye da miligiram 7 ko 8, in ruwan ya ƙara ɗumi ma abin ya ƙara raguwa. Da rana waɗannan korayen tsirrai suna fitar da oksijin. Da dare kuwa su daina, su koma suna shaƙa kamar kowa. Bugu da ƙari ba su da tsawon rai, kullum wasu na mutuwa suna nutsewa, ƙwayoyin bakteriya masu ruɓar da su kuma da oksijin suke aiki. Saboda haka wajen asuba iskar ruwan takan yi ƙasa ƙwarai. In ta sauka ƙasa da miligiram 2, yawancin kifi ba sa jurewa. Shi ya sa, Baba, da sassafe kake ganinsu sun taso sama suna buɗe baki, kuma shi ya sa mutuwar takan zo bayan kwana biyu na hadari ko hazo, lokacin da rana ba ta fito ba.

Hajiya, ga inda taki amsar take. Tarwaɗa da gaiwa Allah ya yi musu baiwar shaƙar iska kai tsaye daga sama, don haka ruwan da zai kashe giwan ruwa da tsage su ba ya kashe su. In ruwa ya lalace, su ne ke saura. Ki haɗa wannan da raguwar filin ambaliya inda kifi ke ƙwai, ki haɗa da kacallar da ta rufe wuraren jefa taru har kwalekwale ba ya ratsawa, ki kuma tuna cewa tarwaɗa ce aka fi kiwo a tafkunan gida yanzu, kin ga dalilin da kwandonki ya zama iri ɗaya.

Mutanen ƙasa da Haɗeja sun ɗanɗana kuɗarsu. Daga shekarun 1990 kacalla da laka suka toshe tsohon hannun Kogin Haɗeja da na Burum Gana, ruwan ya karkata kusan gaba ɗaya zuwa hannun Marma, ya nufi tafkin Nguru. Sai aka sami abin mamaki: garuruwan da ke Marma ruwa ya cinye musu gonaki shekara da shekaru ba ya janyewa, na wancan hannun kuwa suna kallon busasshiyar fadama, Gashuwa da abin da ke gabanta rabonsu ya ragu. Dubban hekta da ake noma shinkafa da alkama suka koma dajin kacalla mai tsawon da ya fi mutum biyu. Wannan fa wuri ne da duniya ta san da shi, tsuntsaye daga Turai suke zuwa su yi hunturu a can, mijin Sarauniyar Ingila ya ziyarci Dagona a 1989, an kuma sa tafkin Nguru da hannun Marma cikin jerin dausayin duniya na yarjejeniyar Ramsar a 2000. A farkon shekarun 1990 wasu masana tattalin arziki, cikinsu har da Edward Barbier, sun auna abin da ruwa ke samarwa in an bar shi ya sauka fadama, ta fuskar noma da su da itacen wuta, suka gwada da abin da yake samarwa a aikin Kadawa, suka tarar na fadamar ya fi nesa ba kusa ba. Lissafin na wancan lokaci ne, noman ranin Kura ya bunƙasa tun daga nan, amma ni dai a ganina ya isa ya hana mu cewa ruwan da ya wuce mu asara ne.

Kada kuma mutumin Kura ya ce wannan matsalar Jigawa da Yobe ce. Kacallar nan ita ce ta cika magudanan fitar da ruwa na aikin namu, ruwa ya rasa hanya ya kwanta, gonaki suka jiƙe, wasu kanwa ta taso musu ta yi fari a sama. Ita ce ke rage gudun ruwa a kanal har na ƙarshen layi ya kwana yana jira. A cikinta tsuntsayen jan-baki ke kwana su wayi gari a kan shinkafa da alkama. A gindinta sauro ke ƙwai, da ƙananan dodon-koɗin da ke ɗauke da tsargiya, cutar fitsarin jini da ta daɗe tana damun yaran da ke wanka a kanal.

Akwai wata ƙazantar dabam da ba ta gona ba, dole in taɓo ta, domin a Tamburawa ruwanmu ke gamuwa da ita. Kano garin fata ne tun fil azal, amma majeman gargajiya da bagaruwa da toka suke aiki. Masana'antun jima na zamani da ke unguwannin Sharaɗa da Calawa da Bompai suna amfani da gishirin kuromiyam da farar ƙasa da wasu sinadarai masu wari. Ruwan Sharaɗa yana bin rafin Salanta ya faɗa Kogin Calawa, na Bompai ya bi Getsi ya shiga Jakara, ya ƙare a dam ɗin Wasai. Gashi da tsokar da ke cikin wannan ruwa suna ruɓewa su cinye oksijin kamar yadda muka bayyana, kuromiyam kuwa ƙarfe ne, ba ya ruɓewa, kwanciya yake a laka. Masu bincike na Jami'ar Bayero da ta Ahmadu Bello sun sha auna ruwan wuraren da ake zubarwa suna samun ƙarafa fiye da ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya. Doka kuwa akwai ta. Bayan da aka gano gubar da aka kawo daga Italiya aka jibge a garin Koko a 1988, gwamnati ta kafa hukumar kare muhalli ta FEPA, a 1991 aka wajabta wa kowace masana'anta tace ruwanta kafin ta sake shi, a 2007 kuma aka kafa NESREA. Rubuta doka dabam, tsayawa a bakin bututu da tsakar dare dabam.

Mu ma talakawa muna da namu laifin. Wanke famfon feshi a kanal, da jefa kwalaben maganin ƙwari a magudana, abu ne da kowa ke gani, musamman tun shekarar 2016 da tsutsar tumatir ta yi ɓarna aka riƙa feshi ba ƙaƙƙautawa. Mafi muni shi ne masu zuba Gamalin a ruwa don kama kifi. Wannan ba su ba ne, kisan kiyashi ne, domin yana tafiya da uwa da 'ya'ya da ƙwai. Dokar kamun kifi ta 1992 ta haramta shi, sinadarin da ke cikinsa kuma an sa shi cikin jerin waɗanda duniya ta amince a daina a 2009.

Ba mu kaɗai ba ne. A Amurka takin gonakin masara yana bin Kogin Misisifi ya shiga teku, kowace bazara a sami yankin da ba oksijin, kifi da jatan lande su gudu ko su mutu. A 2017 faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 22,700, ya fi Jihar Kano girma. A Senegal da Muritaniya, da aka gama dam ɗin Diyama a 1986, kacalla ta yi musu abin da ta yi mana, har suka koma yin gawayin girki da ita.

A nan gida an yi yunƙuri. A 2006 jihohi shida, Kano da Jigawa da Yobe da Borno da Bauci da Filato, suka zauna a Damaturu suka kafa asusun kula da wannan kogi. A 2014 Bankin Duniya ya amince da bashin dala miliyan 495 na shirin TRIMING, wanda a ƙarƙashinsa aka gyara kanal da magudanai a aikin Kogin Kano da na kwarin Haɗeja, aka ƙarfafa ƙungiyoyin masu amfani da ruwa, aka kuma gwada mai da kacalla abincin dabbobi da gas na girki tare da Jami'ar Tarayya ta Gashuwa. Sai dai yashe magudana kamar aski ne, gashi zai sake tohowa muddin ruwan da takin suna nan yadda suke. Masana ruwa sun daɗe suna ba da shawarar a riƙa sakin babbar ambaliya daga Tiga da Calawa da damina, a kuma rufe na ɗan lokaci da rani don hannuwan kogin su bushe. Wannan magana ce ta hukuma da gwamnoni, kuma kowa ya san wuyarta, domin birni na son ruwa kullum, mai tumatir ma haka.

Abin da ke hannun manomi kuwa, sa'ar da aka yi shi ne duk abin da zai rage wa kogi taki zai rage wa aljihu asara. A rage ruwan fangali kafin a sa yuriya, a toshe kunya, kada a saki ruwan sai bayan wasu kwanaki. A raba takin kashi biyu ko uku maimakon zubi ɗaya. Kamfa a haɗa ta da ƙasa tun wajen gyaran gona. Akwai kuma dunƙulen yuriya da ake cusawa cikin laka tsakanin gindi huɗu bayan dashe da mako guda, dabarar da ta yaɗu a Bangaladash, wadda ke rage yawan yuriya da kimanin kashi ɗaya cikin uku, sai dai tana cin ƙwadago. Ita kuma kacalla, ganyenta ne ke kai wa saiwar iska. In aka sare ta a sama, aski aka yi mata. In aka sare ta ƙasa da fuskar ruwa, ruwan ya rufe kututturen, aka maimaita sau biyu ko uku kafin ta fitar da kai, shaƙewa take yi. A kwashe abin da aka sare a fitar da shi tudu, don in ya ruɓe a ciki takin ya koma inda ya fito.

Saura tambayarka ta uku, Baba. Kifin da aka tsinta matacce kada a ci, kada a banda, kada a sayar, domin ba a san ko rashin iska ne ya kashe shi ko guba ba. Wanda aka kama da ransa a koren ruwan gona, a cire kayan cikinsa duka har da hanta, a wanke da ruwa mai tsabta, a dafa sosai. Wanda ya fito daga kusa da inda masana'antu ke zubar da ruwa kuwa, wuta ba ta ƙone ƙarfe, hayaƙin banda ma haka. Ruwan kansa kuma a kiyaye shi, musamman in ya yi kumfa mai shuɗi-shuɗi a sama kamar an zuba fenti, domin wannan nau'in yakan fitar da dafi, kuma tafasawa ba ta kashe shi. A watan Agustan 2014 mutanen birnin Toledo na Amurka, fiye da 400,000, sun yi kwana uku an hana su shan ruwan famfo saboda shi, a 2020 kuma gwamnatin Botsuwana ta ce shi ne ya kashe mata giwaye sama da 300. In ka ga irin wannan kumfa a ƙarshen magudana, kada jikokinka su shiga, kuma ka gaya wa mai shanun da ke sauka kusa da kai ya kora su gaba zuwa inda ruwa ke gudu.